Yadda Ake Haɗa Filin "A Rana Mai Kamar Ta Yau", Da Misalin 9 Ga Nuwamba

Duk wanda ya saba sauraron rediyo da safe, ko yake leƙa shafukan jaridu a intanet, ya san filin nan da ake buɗewa da cewa "a rana mai kamar ta yau", inda ake kawo abubuwan da suka faru a duniya a wannan kwanan wata cikin shekarun da suka shuɗe. Ana yi wa filin kallon aiki mai sauƙi, shi ya sa a gidajen watsa labarai da dama sabon ma'aikaci ko ɗalibi mai sanin makamar aiki ake miƙa wa shi, a ce ya je ya kwaso daga intanet ya mayar da Hausa. Amma babu wani fili da kuskure ke saurin shiga cikinsa ya zauna daram kamar wannan, domin mai sauraro ya ɗauka cewa kwanan wata abu ne da ba a jayayya a kansa, kuma abin da aka faɗa bana shi za a sake kwafowa baɗi. Bayanin da ke biye ya shafi yadda za ka haɗa irin wannan fili da kanka, ko don rediyo, ko don shafinka, ko don ɗalibai a aji. Na zaɓi ranar 9 ga Nuwamba ta zama misali saboda kusan duk tarkon da ke cikin aikin akwai shi a cikinta.

Aikin yana farawa da tattarawa, kuma a nan ba a son rowa. Ka rubuta duk abin da ka ci karo da shi, ko da ya ninka abin da kake buƙata sau huɗu, domin wasu za su faɗi a wurin tantancewa. Jerin da ake samu a shafukan intanet ba laifi ba ne a fara da shi, muddin ka ɗauke shi a matsayin mai nuna hanya, wanda ba a kafa hujja da shi. Idan ka yi haka da 9 ga Nuwamba, takardarka za ta cika da sauri. A 1799 Napoleon ya fara juyin mulkin da ya kai shi ga shugabancin Faransa. A 1848 sojojin Austriya suka harbe ɗan majalisar Jamus Robert Blum a Vienna. A 1918 sarautar Jamus ta faɗi, a 1923 yunƙurin juyin mulkin Hitila ya wargaje a Munich, a 1938 'yan Nazi suka far wa Yahudawa a faɗin ƙasar, sannan a 1989 aka buɗe katangar Barlin, wadda ta raba birnin gida biyu, ɓangaren Gabas na 'yan gurguzu da ɓangaren Yamma. A 1953 Kambodiya ta karɓi 'yancin kai daga Faransa a ƙarƙashin Sarki Norodom Sihanouk, kuma a wannan ranar ce Sarki Abdul'aziz, wanda ya kafa Saudiyya, ya rasu a Ɗa'ifa. A 1970 Janar De Gaulle, tsohon shugaban Faransa, ya mutu. Wannan ya ishe ka jari.

Tabbatar da cewa ranar ita ce ranar

Kafin ka rubuta jimla ɗaya, ka bi abubuwan nan ɗaya bayan ɗaya kana tambayar kanka da wace kalanda aka ƙidaya ranar. Kalandar Miladiyya da muke amfani da ita a ofis da makaranta ba ta game duniya a lokaci guda ba. A 1582 Paparoma Gregory na 13 ya gyara tsohuwar kalandar da Turawa suka gada daga Rumawa, wadda ta riga ta zame da kwana goma daga lissafin rana, sai mutanen Italiya da Sifaniya da Fotugal suka kwanta ranar Alhamis 4 ga Oktoba, suka wayi gari Juma'a 15 ga Oktoba. Ingila ba ta bi sahu ba sai a 1752, lokacin da 14 ga Satumba ta biyo bayan 2 ga Satumba, ita kuwa Rasha sai a Fabrairun 1918. Dalilin ke nan da ya sa juyin juya halin da Lenin ya jagoranta ake kiransa na Oktoba alhali a kalandarmu ranar 7 ga Nuwamba 1917 ya auku, domin a Rasha ranar tana 25 ga Oktoba. Ka'idar da za ka riƙe ita ce, duk abin da ya faru a Ingila da yankunan da take mulka kafin 1752, ko a Rasha kafin 1918, sai ka bincika ko littafin da ka ɗauko daga ciki ya riga ya juya ranar zuwa sabon lissafi ko ya bar ta a tsohon.

Juyin mulkin Napoleon ma yana da tasa matsalar. Faransawan zamanin juyin juya hali sun ƙirƙiro kalandarsu, mai wata goma sha biyu kowanne kwana talatin, mako kuma kwana goma, suka raɗa wa watannin sunayen yanayi. Don haka a littattafan tarihi za ka ga an kira abin da juyin mulkin 18 ga Brumaire na shekara ta 8, wato watan hazo, kuma shi ne ya yi daidai da 9 ga Nuwamba 1799. Na taɓa ganin inda aka ɗauki wannan lamba 18 aka manna mata Nuwamba, aka sanya labarin a ranar da ba tasa ba. Sannan juyin mulkin kwana biyu ya ɗauka: a rana ta farko aka ɗauke majalisa daga Paris zuwa Saint-Cloud, aka damƙa wa Napoleon sojojin birni, washegari ne kuma sojoji suka tarwatsa 'yan majalisar. Idan ka ce "ya fara" ka faɗi gaskiya, idan ka ce "ya kammala" ka yi kuskure da kwana ɗaya.

Mu da muke tafiya da kalanda biyu muna da ƙarin abin lura. Sarki Abdul'aziz ya rasu ranar Litinin 2 ga Rabi'ul Awwal 1373 bayan Hijira, wadda ta yi daidai da 9 ga Nuwamba 1953. Wannan daidaituwa ta shekarar ce kaɗai, saboda shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kwana goma zuwa sha ɗaya, kuma sai bayan shekara talatin da uku ko kusa da haka watannin suke sake zagayowa inda suka baro. Saboda haka ka tsai da shawara tun farko da wace kalanda filinka yake tafiya, kada ka riƙa tsalle tsakaninsu gwargwadon abin da ya yi maka daɗi. Abubuwan tarihin Musulunci na farko, irin Yaƙin Badar da aka yi ranar 17 ga Ramadan a shekara ta biyu bayan Hijira, sun fi dacewa a bar su a ranakunsu na Hijira, domin na'urorin juya kwanan wata da ke intanet da lissafi suke aiki, mutanen wancan lokaci kuwa da ganin jinjirin wata suke aiki, kuma tsakanin biyun ana samun saɓanin kwana ɗaya ko biyu.

Akwai kuma wata matsala da ta keɓanta da harshenmu. A al'adar Bahaushe dare yana gaba da yini, don haka "daren Juma'a" shi ne daren da ya fara daga magaribar Alhamis. An buɗe katangar Barlin ranar Alhamis 9 ga Nuwamba bayan duhu ya yi. Idan ka ce "a daren Alhamis", dattijon da ke sauraronka zai iya fahimtar Laraba da daddare, matashin da ya saba da lissafin boko kuma ya fahimci Alhamis da daddare. Mafita ita ce ka ce "ranar Alhamis da daddare", ko "daren Alhamis wayewar garin Juma'a", yadda babu wanda zai ruɗe.

Tarko na gaba shi ne bambancin agogo tsakanin ƙasashe. Turawan yamma suna bikin ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu a Turai ranar 8 ga Mayu, Rasha kuma ranar 9, kuma babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu, domin lokacin da miƙa wuyan Jamus ya tabbata a 1945 dare ya riga ya raba a Masko. Haka nan lokacin da Neil Armstrong ya taka duniyar wata a 1969, a Amurka ana 20 ga Yuli da daddare, amma a Kano da Maraɗi ana dab da ƙarfe huɗu na asubahin 21 ga wata. A jerin 9 ga Nuwamba za ka iya tarar da zaɓen Donald Trump na 2016, alhali ranar Talata 8 ga wata aka kaɗa ƙuri'a, sakamakon ne ya bayyana bayan tsakar dare. Abin da ya fi shi ne ka bi agogon wurin da abin ya faru, in akwai bambanci mai muhimmanci kuma ka ambata shi a jimla guda. Ka kuma kula da yadda ake rubuta kwanan wata da lambobi zalla: Ba'amurke yana fara sa wata kafin rana, don haka 9/11 a wurinsa 11 ga Satumba ce, Bajamushe kuwa idan ya rubuta 9.11 yana nufin 9 ga Nuwamba.

Tarkon da ya fi kama mutane, har da ni, shi ne rashin bambance ranar da abu ya faru da ranar da aka sanar da shi. De Gaulle ya yanke jiki ya faɗi a gidansa na ƙauye da yammacin 9 ga Nuwamba 1970, amma sai washegari Shugaba Pompidou ya shaida wa Faransawa, don haka wanda ya dogara da kwanan watan da ke saman tsohuwar jarida zai ba da ranar da ba ita ba. Ni kuwa na taɓa rubuta cewa a ranar 9 ga Nuwamba 1918 Sarkin Jamus Wilhelm na Biyu ya sa hannu a takardar murabus, aka karanta, ya wuce. Bayan kwana biyu wani tsohon malamin tarihi da ya yi ritaya ya aiko da 'yar wasiƙa da rubutun hannu, cikin ladabi, yana cewa in sake duba littafina. Da na duba sai na ga shugaban gwamnati Max von Baden ne ya sanar da murabus ɗin da tsakar rana ba tare da izinin sarkin ba, shi kuwa sarkin yana can hedkwatar soja a garin Spa na Beljiyam yana jan ƙafa. Washegari ya tsallaka Holan, kuma bai sa hannu a takardar ba sai ranar 28 ga Nuwamba. Kuskuren nawa yana cikin kalmar aikatau ɗaya ce tak, amma ya ɓoye abin da ya fi komai muhimmanci a labarin, wato sarautar ƙwace ta aka yi daga hannunsa.

Rarrabe alaƙa da arashi

Da ka gama tantance ranaku, sai babban aikin, wanda shi ne yake bambanta filin da aka yi da hankali da wanda aka kwafo. Idan abubuwa biyu suka faru a kwanan wata guda, ko dai na biyun an zaɓi ranarsa ne da gangan saboda na farkon, ko na farkon ne ya haddasa shi, ko kuma arashi ne kawai. Zuciyar ɗan Adam tana son ganin asiri a cikin lambobi, amma shekara kwana 365 ce kacal, manyan abubuwan tarihi kuwa dubbai ne, don haka dole su riƙa cin karo. Masana lissafi sun nuna cewa idan mutum 23 suka taru a ɗaki guda, yiwuwar a sami biyu masu ranar haihuwa ɗaya ta ɗara rabi. Misalin da ke kusa da mu shi ne 1 ga Oktoba. Nijeriya ta sami 'yanci a wannan rana a 1960, ta zama jamhuriya a 1963, aka rantsar da Shehu Shagari a 1979, aka ƙirƙiro Zamfara da Gombe da Nasarawa da wasu jihohi uku a 1996, kuma duk waɗannan zaɓar ranar aka yi don ta dace da bikin 'yancin kai. Amma kasancewar Mao ya ayyana kafuwar Jamhuriyar Jama'ar Sin ranar 1 ga Oktoba 1949 ba shi da wata dangantaka da Legas.

Jamusawa suna kiran 9 ga Nuwamba ranar ƙaddara, kuma sunan yana da daɗin faɗa a rediyo, amma aikinka shi ne ka buɗe shi ka ga abin da ke ciki. Ka fara da 1918. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ci ƙarfin Jamus, sojojin ruwa sun yi bore a Kiel a farkon watan, boren ya bazu birni-birni har ya iso Barlin ranar Asabar 9 ga wata. Da misalin ƙarfe biyu na rana Philipp Scheidemann ya leƙo daga ginin majalisa ya shelanta wa taron jama'a cewa Jamus ta zama jamhuriya, bayan kamar awa biyu kuma Karl Liebknecht ya shelanta tasa jamhuriyar ta 'yan gurguzu daga fadar sarki. Kwana biyu bayan haka, ranar 11 ga wata, aka sa hannu a yarjejeniyar tsagaita wuta. Masu tsattsauran ra'ayin kishin ƙasa ba su taɓa yafe wannan rana ba. Suka riƙa yaɗa cewa ba a ci sojojin Jamus da yaƙi a fagen fama ba, 'yan siyasa da Yahudawa ne suka yi musu zagon ƙasa daga gida, suka laƙaba wa waɗanda suka kafa jamhuriyar sunan "masu laifin Nuwamba". Zancen ƙarya ne, domin manyan hafsoshin sojan da kansu suka nemi a tsagaita wuta, amma ya sami shiga.

Daga nan zaren ya miƙe zuwa 1923. Shekara biyar cif bayan faɗuwar sarauta, a lokacin da kuɗin Jamus ya lalace har dalar Amurka ɗaya ta kai mak tiriliyan 4.2 a cikin watan, Hitila ya kutsa wata babbar mashaya a Munich da yammacin 8 ga Nuwamba, inda shugaban yankin Bavariya Gustav von Kahr yake jawabi, ya harba bindiga sama ya ce juyin juya hali ya fara. Washegari ya jagoranci mutum kamar dubu biyu suka yi maci zuwa tsakiyar birni, 'yan sanda suka tare su, aka yi musayar wuta, mutum 16 suka mutu a ɓangaren macin, 'yan sanda kuma 4. An yanke wa Hitila ɗaurin shekara biyar, amma bai cika shekara ɗaya da yanke hukuncin ba aka sake shi daga gidan yarin Landsberg. Da ya hau mulki a 1933 sai ya mai da wannan rana ta shan kaye ranar tunawa da mazan jiyan jam'iyyarsa, kowace shekara manyan 'yan Nazi suna haɗuwa a Munich ranakun 8 da 9 ga Nuwamba.

Wannan taron shekara-shekara shi ne mabuɗin fahimtar 1938. Ranar 7 ga Nuwamba wani matashi Bayahude ɗan shekara 17, Herschel Grynszpan, wanda aka kori iyayensa daga Jamus aka jibge su a kan iyakar Poland, ya harbi wani jami'in ofishin jakadancin Jamus a Paris mai suna Ernst vom Rath. Jami'in ya cika ranar 9 ga wata, daidai lokacin da shugabannin jam'iyyar suke zaune wuri guda a Munich, sai faɗuwa ta zo musu daidai da zama. Ministan farfaganda Joseph Goebbels ya yi jawabin tunzurawa, shugabannin yankuna suka tashi suka nufi wayar tarho, kafin gari ya waye an ƙona ɗaruruwan wuraren ibadar Yahudawa a Jamus da Austriya, an farfasa shaguna kimanin 7,500, sannan a kwanakin da suka biyo baya aka kwashi maza kimanin 30,000 zuwa sansanonin gwale-gwale na Dachau da Buchenwald da Sachsenhausen. Bayan duk wannan, gwamnati ta ci Yahudawan tarar mak biliyan ɗaya kan ɓarnar da aka yi musu. Ka ga ke nan 1918 da 1923 da 1938 sarƙa ɗaya ce, kowace tana riƙe da 'yar'uwarta, kuma ya wajaba filinka ya nuna wannan a fili. Idan ka jero su kamar kayan tireda, kowanne a nasa gurbin, ka faɗi gaskiya guda uku amma ka zubar da labarin.

Ita kuwa 1989 ba ta cikin wannan sarƙa, duk da cewa ita ce ta fi shahara. Gwamnatin Jamus ta Gabas tana cikin matsi tun bazara: Hungary ta buɗe iyakarta da Austriya a watan Satumba, dubban mutane suna tserewa ta can, ana zanga-zanga kowace Litinin a Leipzig, an kuma sauke Erich Honecker ranar 18 ga Oktoba. Sabbin shugabannin suka tsara dokar sassauta tafiye-tafiye wadda aka shirya za ta fara aiki washegari, 10 ga wata, mutane su je su nemi izini a ofis cikin tsari. Aka miƙa wa kakakin jam'iyya Günter Schabowski takardar gab da shigarsa taron manema labarai, alhali bai san cikakken tsarin ba. Dab da ƙarfe bakwai na yamma ya karanta ta, wani ɗan jarida ya tambaye shi yaushe dokar za ta fara aiki, ya yi ta jujjuya takardunsa yana duba ta saman tabarau, sannan ya ce a iya saninsa nan take ne, ba tare da jinkiri ba. Gidajen talabijin suka ɗauka, jama'a suka yi dafifi a mashigun katangar, masu gadi kuma babu wanda ya ba su umarni. Da misalin ƙarfe sha ɗaya da rabi na dare, jami'in da ke kula da mashigar titin Bornholmer, Harald Jäger, ya gaji da bugun waya ba amsa mai amfani, ya ce a ɗage shingen. Katangar da aka fara ginawa ranar 13 ga Agusta 1961, wadda ta tsaya shekara 28, ta buɗe a ranar 9 ga Nuwamba ne saboda katoɓarar mutum ɗaya. Da ya karanta takardarsa da kyau, da a ranar 10 za ka riƙa ba da labarin. Haka ma kisan Robert Blum a 1848: ya dace da sauran ta fuskar jigo, wato gwagwarmayar dimokuraɗiyya a Jamus, amma kotun sojan da ta yanke masa hukunci ba ta san abin da zai faru bayan shekara saba'in ba. Irin waɗannan ka kira su arashi kai tsaye, kada ka bar mai sauraro da tunanin cewa akwai wani ɓoyayyen lissafi.

Zaɓe da rubutawa

Yanzu sai ka rage kayan. Filin minti biyar a rediyo ba ya ɗaukar fiye da abu huɗu ko biyar, kuma ya fi kyau ɗaya ya ci rabin lokacin, sauran su raba ragowar. Wajen zaɓe ka tuna da wanda kake yi wa magana. Rasuwar Sarki Abdul'aziz ba ta cika fitowa a sahun gaba a jerin da Turawa suka tsara ba, amma duk alhajin da ya sauka a filin jirgin Jidda ko ya shiga Harami ta ƙofar da ke ɗauke da sunansa ya san sunan, don haka a filin Hausa tana da gurbi babba. De Gaulle ma ba baƙo ba ne ga mutanen Nijar, domin shi ne ya kira ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958 kan ci gaba da zama tare da Faransa, wadda Djibo Bakary da jam'iyyarsa ta Sawaba suka yi kiran a ce a'a, suka sha kaye. Jimla ɗaya irin wannan ta isa ta jawo baƙon labari kusa da gida. Sai dai kada son kawo abin gida ya sa ka ja wani lamari daga ranarsa: an rataye Ken Saro-Wiwa da mutum takwas a Fatakwal ranar 10 ga Nuwamba 1995, don haka ka ajiye shi sai gobe, ko da filin yau zai fita babu Nijeriya a cikinsa.

Game da alƙaluma, ka faɗi wanda ya ba da su. Hukumomin Nazi sun ce mutum 91 aka kashe a farmakin 1938, masana tarihi kuwa sun nuna cewa adadin ya kai ɗaruruwa idan aka haɗa da waɗanda suka mutu a sansanoni da waɗanda suka kashe kansu, don haka kawo 91 ita kaɗai tamkar maimaita lissafin wanda ya yi laifin ne. Sunan da aka fi sanin daren da shi, wato daren fasassun gilasai, yana ƙaranta abin da ya faru, kamar tagogi kawai aka fasa, shi ya sa Jamusawa da yawa a yau suka fi kiransa farmakin Nuwamba. In ka ambaci tsohon sunan don mutane su gane, ka biyo shi da bayanin abin da aka yi wa mutane.

Sautin murya ma yana cikin aikin. Ranar nan ta haɗa makoki da murna, kuma su kansu Jamusawa da suka zo zaɓar ranar bikin ƙasa bayan haɗewa, suka kauce wa 9 ga Nuwamba saboda abin da ya faru a 1938, suka ɗauki 3 ga Oktoba, ranar da Jamus ta Gabas da ta Yamma suka haɗe a 1990. Har yanzu a ranar 9 ga Nuwamba za ka ga mutane a biranen Jamus sun durƙusa a gefen titi da tsumma suna goge 'yan ƙananan allunan tagulla da aka kafe a ƙasa a ƙofar gidajen da aka kwashi mutane, kowanne ɗauke da suna da shekarar haihuwa, wasu su kunna kyandir a gefe. Idan a rediyo ne, kada ka tashi daga wannan ka faɗa shagalin katanga da kiɗa mai zafi ba tare da ka bar 'yar tazara ba. Bin tsarin shekaru, daga mafi daɗewa zuwa mafi kusa, ya fi sauƙi ga kunne, kuma a wannan ranar yana da ƙarin amfani tunda shi ne tsarin da sarƙar ta bi.

Sunayen baƙi kuma ka gwada su da baki kafin ka shiga ɗakin watsa shiri. A Jamusanci harafin W kamar V ake furta shi, J kuma kamar Y, saboda haka Jäger ya fi kusa da "Yega". Wanda dattawanmu suka riga suka Hausantar, irin Hitila, ka bar shi yadda kunne ya saba. Idan suna ya yi tsauri kuma bai ƙara wa labarin komai ba, muƙamin mutumin ya wadatar.

Daga ƙarshe ka tanadi littafi mai kauri, ko fayil a kwamfuta, ka ware wa kowace rana shafinta, har da 29 ga Fabrairu. A ƙarƙashin kowane lamari ka rubuta wurare biyu da ka tabbatar da shi waɗanda ba kwafar juna suka yi ba, da kalandar da aka yi amfani da ita, da ranar mako, sannan ka sa alamar ko yana da alaƙa da wani lamari na ranar ko arashi ne. Ranar mako tana da amfani wajen kama kuskure, domin idan wani littafi ya ce an buɗe katangar Barlin ranar Juma'a alhali 9 ga Nuwamba 1989 Alhamis ce, ka san ya zame zuwa washegari. Abubuwan da ka tantance amma ba su sami shiga bana ba, irin 'yancin Kambodiya ko juyin mulkin Napoleon, ka ja musu layi a ƙasa, su ne za ka buɗe filin da su baɗi.